Albashi Ba Ya Isa: In Ajiye Aikin Ne, Ko In Jira Sai Na Samu Wani?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota da na cefane suka yi tashin gwauron zabo, ma'aikata da yawa suka fara tambayar kansu ko fitar da suke yi kullum tana da wani amfani. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu da amsoshinsu. Dokokin da aka ambata na Najeriya ne. Wanda ke Nijar, Ghana ko Kamaru sai ya tuntuɓi ofishin ƙwadago na ƙasarsa, amma lissafin duk ɗaya ne.

A taƙaice, in bari ko in jira?

Ga mafi yawan mutane, jira ya fi. Ka ci gaba da zuwa aiki kana neman wani, sai takardar ɗaukar sabon aiki ta shiga hannunka sannan ka ajiye. Ƙwai a baki ya fi kaza a akurki. Wanda yake da aiki, ko ƙarami ne, yana iya ƙin tayin da bai yi masa ba. Wanda ya yi wata huɗu a gida, mai gidan haya yana masa sallama safe da yamma, duk abin da aka miƙo masa zai karɓa, kuma sau da yawa abin da zai karɓa bai kai wanda ya bari ba.

Sai dai akwai aikin da zama a cikinsa asara ce tsagwaronta. Ana gane shi ne da biro da takarda. Ɓacin ran da ka kwaso daga wurin aiki yau ba ya cikin lissafi.

Yaya zan lissafa abin da aikin yake ba ni a zahiri?

Kada ka duba adadin da ke shigowa asusunka. Duba abin da ya rage bayan ka cire kuɗin da zuwa aikin da kansa yake ci. Ka rubuta abin da kake kashewa na tsawon mako biyu, kada ka yi da ka, domin ƙwaƙwalwa tana mantawa da ƙananan kuɗi.

Ga misali. A ce albashinka naira 60,000 ne, kana zuwa Litinin zuwa Asabar, wato kwana 26 a wata. Kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa 800 ne kullum, ya zama 20,800. Abincin rana da kake saye a waje ya fi wanda za ka ci a gida tsada da naira 400, ya zama 10,400. Katin waya da data saboda aiki 2,000. An tashi 33,200. Abin da ya rage maka 26,800 ne, kimanin naira 1,030 a rana. Idan tsakanin fitarka da dawowarka awa goma ne, kana sayar da kowace awa a kan kusan naira 100.

Yanzu sai ka ɗora abin da aikin yake ba ka wanda ba ya cikin albashi: kuɗin fansho da kamfani ke zuba maka, inshorar lafiya, ɗaki ko abinci idan ana bayarwa, goron sallah, bashin da babu ruwa daga ƙungiyar ma'aikata. Sannan akwai wanda ya fi waɗannan wahalar lissafi: me kake koya? Yaron da ke shagon gyaran sola ko ɗakin gwajin jini a kan ƙaramin albashi yana tara abin da zai sayar da tsada nan da shekara biyu. Wanda ke zaune bakin ƙofa daga safe zuwa dare, bara da bana duk ɗaya, albashin ne kaɗai abin da yake samu.

Tambayar ƙarshe ita ce: da waɗannan awanni goma, akwai abin da za ka fara gobe da safe wanda zai kawo fiye da 1,030 a rana? Wanda ka taɓa yi, ka san yana kawowa. Idan akwai, ƙofar fita ta fara buɗewa. Idan babu, 26,800 ta fi sifili.

Nawa ya kamata in tara kafin in ajiye?

Ka fitar da mafi ƙarancin abin da gidanka ke ci a wata: abinci, gas ko gawayi, ruwa, wuta, magani, kuɗin makaranta da aka raba bisa watanni. Ka ƙara kuɗin neman aikin kansa, domin shi ma yana ci: data, buga takardu, hoton fasfo, kuɗin mota zuwa intabiyu, wani lokaci har zuwa wani gari da kwana a can. Wanda ba shi da iyali kuma yana da sana'a a hannu, ya tanadi na wata uku. Mai iyali, na wata shida.

Kuɗin haya shi ne ramin da mutane suka fi faɗawa. Da yake shekara-shekara ake biya, sai a manta da shi har ya zo. Idan hayarka za ta ƙare cikin wata shida masu zuwa, ka ware kuɗinta gaba ɗaya a gefe, kada ka haɗa shi da na ci. Haka nan ka duba abin da ke tafe: azumi, sallah, haihuwa, sabon zangon makaranta.

Idan kana cikin adashi, ka kai shi ƙarshe. Wanda ya riga ya kwasa sannan ya bar aiki, zubin da ya rage bashi ne a wuyansa, kuma abin kunya ne a unguwa. Bashin manhajojin waya kuwa kada ka sa shi cikin shirinka ko kaɗan: ruwansa yana da yawa, wa'adinsa gajere ne, wasunsu kuma idan aka makara sai su bi mutanen da ke cikin wayarka da saƙonnin cin mutunci.

Mun san mai albashin da ba ya kai ƙarshen wata zai ce ina zai samu na tarawa. Gaskiya ne. Amma wannan da kansa amsa ce: idan ba ka iya tara na wata ɗaya ba, ba za ka iya zaman wata uku babu komai ba. Kai hanyarka ita ce neman wani aiki kana cikin wannan, ko fara ƙaramar sana'a a gefe.

Aikin ya cinye mini yini. Yaushe zan nemi wani?

Neman aiki ba ya buƙatar yini guda. Yana buƙatar awa ɗaya da ba ta fashi. Ka zaɓi bayan Asuba ko bayan Isha, kwana biyar a mako. Makon farko ka gyara takardar bayanin karatunka da gogewarka, ka ɗauki hoton takardun shaidarka ka adana a waya da imel. Daga nan ka sa wa kanka adadi, misali wurare biyar a mako, ka riƙa rubuta inda ka tura da ranar da ka tura.

Kada ka tsaya ga intanet kaɗai. A garuruwanmu ayyuka da yawa ba a tallata su, ta bakin mutane suke wucewa. Ka sanar da tsofaffin abokan karatu, malamanka, da waɗanda kuke hulɗa da su ta dalilin aikin da kake yi yanzu. Ka faɗi takamaiman abin da ka iya. "A taimaka mini da aiki" ba ya zama a ran kowa, amma "na iya riƙe sito da lissafin kaya a kwamfuta" yana zama.

Ranar intabiyu, ka nemi izini ko ka cire daga hutunka. Dokar Ƙwadago ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 hutun aƙalla kwana shida na aiki tare da albashi. Kada ka yi amfani da kwamfuta ko imel na ofis wajen neman aiki, kuma ka rage yawan abokan aikin da suka san shirinka.

A wane hali ne tafiya ta fi zama, ko da babu wani aikin?

Idan ana sa ka cikin haramun ko abin da zai kai ka gaban alƙali, kamar sa hannu a takardun ƙarya, tauye mudu, ko sayar da jabun magani. Idan ana dukanka, ko ana neman ki da lalata. Idan aikin yana cin lafiyarka, kamar aiki da sinadari ko ƙura babu kayan kariya, ko likita ya ce hawan jininka daga nan yake. Idan hanyar zuwa wurin ta zama ta masu garkuwa da mutane. Idan lissafin da ka yi ya nuna kai ne kake ciyar da aikin. A irin waɗannan, kwana ɗaya da ka ƙara yana iya jawo abin da albashin shekara ba zai gyara ba.

Ko a nan, idan ba rai ne ke cikin haɗari ba, ka fita ta ƙofa: takarda a rubuce, kayan aiki a miƙa, shaida a hannu.

Ina bin su albashin wata uku. In na tafi ba zan rasa kuɗin ba?

Ajiye aiki ba ya goge bashin albashi. Haƙƙinka ne ko kana nan ko ba ka nan. Abin da ke faruwa shi ne, da zarar ka fita, sai a daina ɗaukar wayarka. Don haka ka tara hujja tun kana ciki: takardar ɗaukar aiki, bayanan asusun banki da ke nuna watannin da aka biya da waɗanda ba a biya ba, saƙonnin da aka yi maka alkawari, hoton rajistar zuwa aiki. Ka rubuta takardar neman haƙƙinka da adadi da watanni, ka yi kwafi biyu, a sa hannu a ɗaya ka riƙe.

Idan aka ƙi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jihohi, suna kiran ɓangarori biyu a sasanta. Bayan nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da rassa a Abuja, Kano, Kaduna da wasu biranen. Shari'a tana ɗaukar lokaci da kuɗi, shi ya sa ga ƙaramin adadi sasanci ta hannun ƙungiyar sana'a ko dattijon da mai wurin yake jin nauyinsa ya fi sauri.

Wata uku babu albashi alama ce babba. Ka sa wa kanka ranar tafiya. Kada bashin da kake bi ya zama igiyar da za ta ɗaure ka kana ƙara musu wasu watannin kyauta.

Ba an ce mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne ba? Me ya sa ake biya na ƙasa da haka?

An sa hannu a dokar 70,000 a watan Yulin 2024, bayan 30,000 da aka tsayar a 2019. Amma dokar ba ta hau kan kowa ba. Wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, masu aikin wucin gadi na 'yan awanni, waɗanda ake biya da kamasho ko bisa yawan abin da suka yi, da masu aikin gona na lokaci-lokaci, duk suna waje. Yawancin shaguna, ƙananan makarantu da ƙananan asibitoci a nan suke fakewa. Idan wurinku ya kai mutum 25 kuna aiki cikakken lokaci, kuna da hujjar kai ƙorafi, kuma zuwa a ƙungiyance ya fi zuwan mutum ɗaya.

In nemi ƙarin albashi kafin in yanke shawara?

Ƙwarai, kuma mutane da yawa suna tsallake wannan saboda kunya. Ka nemi ganin maigidan shi kaɗai, lokacin da ciniki ya yi kyau ko ka kammala wani aiki da ya ji daɗinsa. Ka je da adadi: "Kuɗin mota yana cin 20,800 cikin 60,000, ina neman a mai da shi 80,000." Idan ya ce babu hali, ka nemi abin da ba ya cin aljihunsa sosai: a rage maka kwana ɗaya a mako, ka riƙa tashi da La'asar, ko a ba ka kamasho a kan cinikin da ka kawo. Kwana ɗaya a mako ya isa neman aiki ko kafa sana'a.

Kada ka ce za ka tafi sai idan ka shirya tafiyar. Wani maigidan a take zai ce Allah ya kiyaye hanya.

An yi mini alkawarin aiki a wani wuri. In ajiye wannan?

Hangen Dala ba shiga birni ba ne. "Ka zo wata mai zuwa" ba aiki ba ne, ko daga bakin wa ya fito. Ka jira takarda mai ɗauke da muƙami, albashi, ranar farawa, wurin aiki da tsawon lokacin gwaji. Ka tambayi wani da ke aiki a can ko ana biya a kan lokaci, kuma adadin da aka faɗa kafin cire haraji da fansho ne ko bayan an cire. Sannan ka sake yin lissafin kuɗin mota da haya: 90,000 a Abuja tana iya gaza 60,000 a Gusau kusa da gidanku.

Duk wanda ya ce ka biya kuɗi a ba ka gurbin aikin gwamnati, ka riƙe kuɗinka. Haka wanda ya ce zai kai ka aiki ƙasar waje amma babu kwangila a rubuce kuma shi zai riƙe fasfonka.

Ka tuna da tazarar albashi. Idan ka bar nan ranar 30 ka fara can ranar 15 ga wata mai zuwa, kana iya yin mako shida kafin kuɗi ya sake shigowa.

Notis na kwana nawa zan bayar?

Fara duba takardar ɗaukarka aiki, abin da ta ce shi za ka bi, kuma yawanci wata ɗaya ne. Idan ba ta ce komai ba, sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara haka: wanda ya yi wata uku ko ƙasa da haka, kwana ɗaya, fiye da wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya, shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu, shekara biyar ko fiye, wata ɗaya. Notis na mako ɗaya ko sama da haka dole ya zama a rubuce. Ana kuma iya biyan kuɗin kwanakin a madadinsa.

Wanda ya ɓace kawai bayan ya karɓi albashi ya ba su hujjar riƙe sauran haƙƙoƙinsa, ya jawo wa wanda ya tsaya masa lokacin ɗaukar aiki matsala, ya kuma rufe bakin da zai yi masa shaida gobe.

Kuɗin fanshona fa?

Asusun fansho naka ne, ba na kamfani ba. Lambarka ɗaya ce duk inda ka koma, sai ka ba sabon wurin aiki su ci gaba da zubawa. A ƙarƙashin dokar 2014, ana cire kashi 8 daga albashinka, wanda ya ɗauke ka aiki ya ƙara kashi 10. Kafin ka tafi, ka nemi bayanin asusun daga kamfanin fanshonka ka tabbatar ana zubawa, domin akwai wuraren da suke cirewa a takarda amma kuɗin ba ya isa. Idan ka ga giɓi, ka kai ƙorafi PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa.

Wanda bai kai shekara 50 ba, idan ya yi wata huɗu babu aiki, yana iya neman kashi 25 na abin da ke asusun. Kada ka gina shirinka a kan wannan. Sai ka ci wata huɗun tukuna, sannan a bi takardu, kuma mai ƙaramin albashi rubu'in nasa ba zai yi yawa ba. Inshorar lafiya ta wurin aiki ita ma takan tsaya bayan ka fita, don haka idan akwai mai juna biyu ko mai shan magani kullum a gidan, a sa wannan a lissafi.

Aikin gwamnati nake yi. Shawarar ɗaya ce?

Nan sai an ƙara taka-tsantsan, domin wanda ya fita komawa tana da wuya ƙwarai. Ka duba shekarunka: a tsarin da ake biyan giratuti, sai an cika wasu shekaru ake samu, kuma jihohi sun bambanta, don haka ka tambayi sashen kula da ma'aikata kafin ka rubuta komai. Ka bincika ko za ka samu hutun karatu, hutu ba albashi, ko canjin wurin aiki zuwa kusa da gida. Kundin tsarin mulki na 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya bar masa noma. Kada ka daina zuwa haka kawai, domin ana iya rubuta maka kora, kuma kora tana bin mutum a takarda.

Ina koyarwa a makarantar kuɗi. Yaushe ya fi dacewa in tafi?

Ƙarshen zango, bayan ka miƙa sakamakon ɗalibai. Makarantu sun fi ɗaukar malamai a dogon hutu kafin Satumba, don haka ka fara nema tun Yuni. Ka bincika ko makarantarku tana biyan albashin watan hutu da sharaɗin da ta sa, don kada ka ajiye ana saura mako biyu ka cancanta.

So nake in bar aikin in kama kasuwanci.

Ka gwada shi tukuna da yamma da ƙarshen mako, wata uku zuwa shida, kana rubuta ciniki da riba. Ciniki daban, riba daban: wanda ya sayar da kayan 200,000 a wata yana iya tashi da 20,000 bayan ya cire kuɗin saro kaya, dako, haya da bashin da ba a biya ba. Idan ribar ta kai abin da aikin ke bar maka wata uku a jere, ka samu hujja.

Jari da kuɗin cefane kada su zauna a aljihu ɗaya. Abin da ya fi karya sabon ɗan kasuwa shi ne ci daga uwar kuɗi tun a watannin farko, saboda babu albashin da zai riƙe gida. Ka kuma leƙa layinku: idan akwai masu POS huɗu, na biyar zai raba abin da ke akwai ne kawai.

Ba Allah ne mai arziki ba? Me ya sa ba zan dogara gare Shi in tafi ba?

Shi ne, babu shakka. Amma a hadisin da Tirmizi ya ruwaito, da wani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure taguwarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, sai aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. Tanadi da neman wani aiki su ne ɗaurin. Ka yi istihara, ka yi shawara da wanda ya san fannin, kuma ka tuna ciyar da iyali wajibi ne a kanka. Ka zauna da maiɗakinka, ko ke da maigidanki, a duba lissafin tare tun kafin a miƙa takarda, domin tukunyar gidan ce za ta fara jin canjin.

Idan na riga na bari, me zan ce a intabiyu?

Gaskiya a gajarce, ba tare da zagin tsohon wuri ba: "Albashin bai ɗauke kuɗin zuwa aikin ba, na ba da notis, na miƙa aiki lafiya." Sannan ka nuna abin da ka yi da watannin: kwas da ka yi, aikin sa-kai, sana'ar da ka riƙe. Zaman da babu bayani shi ne yake sa a yi shakka.

Me zan rubuta a takardar ajiye aiki, kuma me zan karɓa kafin in fita?

Layi huɗu sun isa: kwanan wata, cewa kana ajiye muƙami kaza, ranar ƙarshe da za ka yi aiki, da godiya. Ba wurin zayyana laifin kowa ba ne. Ka miƙa ta bayan albashin wata ya shigo, ka yi kwafi biyu, a buga hatimi ko a sa hannu a naka.

A makon ƙarshe ka rubuta jerin duk abin da ke hannunka, makullai, waya, kwamfuta, kuɗi, littafin bashi, kayan sito, ku ƙirga tare da wanda zai karɓa, ku sa hannu ku biyu. Mai riƙe kuɗi ko kaya kada ya yi wasa da wannan, domin ɓatan da aka gano bayan tafiyarsa a kansa za a ɗora. Ka karɓi takardar amincewa da ajiye aikinka, takardar shaidar cewa ka yi aiki daga shekara kaza zuwa kaza, lissafin sauran haƙƙoƙinka a rubuce da ranar biya, da ainihin takardun karatunka idan sun riƙe su lokacin ɗaukarka. Idan akwai bashin ƙungiyar ma'aikata a kanka, ku rubuta yadda za ka biya, sannan ka sanar da wanda ya tsaya maka cewa ka fita lafiya.